Yadda za ka bi sawun kakanka manomi da ya yi soja

A gidaje da yawa na Aboabo, Asawase, Nima da Sabon Zango, unguwannin Kumasi da Akara a ƙasar Ghana, abin da ya rage na tarihin kaka bai wuce magana ɗaya ba: manomi ne, ya je yaƙin Boma, ya dawo. Ana iya faɗaɗa wannan magana har ta zama tarihi mai shekaru da wurare, amma aikin yana da tsari. Wanda ya fara da buga sunan kakansa a intanet yakan tashi hannu rabbana, domin soja ba da suna yake ajiye mutum ba, da lamba ce. Saboda haka duk abin da za ka yi a farko, ka yi shi ne don ka samo lambar aikinsa.

Ga dalilin da suna ke yaudara. Akawun da ke ɗaukar kurata a zamanin Turawa yakan rubuta sunan yanka, sannan ya liƙa masa sunan ƙabila ko na gari a matsayin suna na biyu. Shi ya sa rajistar rundunar Gold Coast, wato Ghana ta yau, ta cika da Musa Moshi, Seidu Grunshi, Ali Wangara, Amadu Fulani, Garba Kano, Mama Sokoto, kuma kowane ɗaya yana da takwarori da dama. Rubutun ma ba ya tsayawa wuri guda: Alhassan ya koma Allasan, Ibrahim ya koma Braima, Abubakar ya koma Bukari. Wasu kuma da gangan suka ba da sunan da ba nasu ba, musamman waɗanda suka tsallako daga yankin Faransa ko waɗanda suka tafi a madadin ɗan'uwa lokacin da aka ɗora wa sarki adadin mutanen da zai kawo. Ka kuma sani cewa Hausa ce harshen bariki har zuwa yaƙin duniya na biyu, don haka mutum ya iya Hausa ya zauna a zango, ko takarda ta kira shi Bahaushe, ba hujja ba ce cewa daga ƙasar Hausa ya fito.

Ka fara da tsofaffin gida, tun suna raye kuma tun hankalinsu yana jikinsu. Mata sun fi riƙe irin wannan labari, musamman goggo da matan kawunnai, domin su suka yi jinyarsa, su suka gyara ɗakinsa bayan rasuwarsa. Ka zauna da kowa shi kaɗai. In ka tara su, babba zai yi magana, sauran su ce haka ne. Ka nemi izini kafin ka kunna rikodar waya, kuma kada zama ya wuce kamar minti 40, gara ka sake dawowa. Kada ka ce "Goggo, a wace shekara Kaka ya tafi soja?" Ba za ta sani ba, kuma don kada ta kunyata ka za ta ƙirƙiro. Ka ce "Goggo, da aka yi girgizar ƙasa a Akara, yana gida ko ya tafi?" Wannan girgiza ta 22 ga Yuni 1939 ce. Husufin ranar da ya duhunta gari ya faru ran 20 ga Mayu 1947. Annobar mura ta 1918 ce, harbin tsofaffin sojoji a mararrabar Christiansborg na 28 ga Fabrairu 1948 ne, sidi ya maye gurbin fam a 1965, korar baƙi ta Firaminista Busia kuma ƙarshen 1969. Da irin waɗannan turaku ake ɗaure shekarun haihuwa, aure da ƙaura. Ka tambayi sunan da abokan sojansa ke kiransa da shi, da tsagar fuskarsa, da garin da yake ambata in ya yi kewar gida, da ko yana zuwa karɓar fansho, da kuma wanda akwatinsa ya faɗa hannunsa.

Akwatin nan shi ne rabin aikin. Abin da ake fata a samu a ciki littafin sallama ne, wanda yawanci yake ɗauke da lamba, muƙami, rukunin da ya yi aiki, ranar shiga da ranar fita. In ka same shi, kada ka kai a manne shi da leda mai zafi, kada ka sa masa salatif, domin duka biyun suna cinye tawada kuma ba a iya warware su. Shimfiɗa shi a kan tabarma a inuwa, ka ɗauki hoton kowane shafi har da bango da shafukan da kake gani kamar babu komai. Lambar yaƙin duniya na biyu tana farawa da haruffa: GC na Gold Coast, NA na Najeriya. In ka ga NA, to a rundunar Najeriya ya yi aiki, daga baya ya zo nan, kuma neman zai karkata zuwa can. In littafin da Faransanci yake, sojan Faransa ne, hanyarsa daban.

Sai lambobin yabo, wato minda. A nan mutane ke yawan ruɗewa. Mindar yaƙin farko, na 1914 zuwa 1918, tana da rubutu: ka juya ta a tsaye ka dubi kaurin bakinta, za ka ga lamba, muƙami, suna da rukuni an buga su da haruffa 'yan mitsi-mitsi, mai siffar tauraro kuma a bayanta rubutun yake. In datti ya cike haruffan, ka goge da tsumma mai laushi da ɗan ruwan sabulu, ka haska tocila daga gefe don inuwa ta fito da su, sannan ka ɗauka da waya ka faɗaɗa. Kada ka goga toka, yashi ko man goge ƙarfe, za ka share abin da kake nema. Mindar yaƙi na biyu kuwa haka aka raba ta ba suna, don haka ba ta tabbatar da mai ita, sai dai ta nuna fagen daga. Tauraron Boma ƙyallensa ja ne a tsakiya da shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo a gefe. Tauraron Afirka ƙyallensa launin yashi ne da jan ratsi a tsakiya. Wanda ke da duka biyun, akwai alama mai ƙarfi cewa yana cikin bataliya ta 1, ta 2 ko ta 3 ta rundunar Gold Coast, waɗanda suka yaƙi Italiya a Gabashin Afirka da Habasha a 1940 zuwa 1941 kafin a kai su Boma cikin runduna ta 82. Bataliya ta 5, ta 7 da ta 8 suna cikin runduna ta 81, wadda ta yi yaƙin kwarin Kaladan a 1944. Tambarin kafaɗa yana raba gardama: baƙin gizo a kan rawaya na ta 81 ne, mashi biyu gicciye a kan gammo na ta 82. Dukansu sun haɗu a Myohaung a Janairun 1945, kuma akasarin sojojin sai a 1946 suka dawo gida.

Hoto kuma a yi hattara da shi. Jar dara da gajeren wandon kaki ba soja kaɗai ke sa su ba, 'yan sandan rakiya na wancan zamani ma suna sawa. Ka nemi tambarin bishiyar kwakwar manja a hula ko a kwala. Kuma ba kowane soja ne ya riƙe bindiga ba. Dubbai sun yi dakon kaya a dajin Boma, wasu direbobi ne, wasu aikin gini da lodi suka yi a Gabas ta Tsakiya. Kada wannan ya rage masa daraja a idonka, domin ba don masu ɗaukar harsashi da abinci a ka ba, da rundunar ba ta ratsa waɗannan duwatsu ba.

Da lamba a hannu, sai a fita waje. In bai dawo daga yaƙi ba, ko ya rasu kafin ƙarshen 1947 yana cikin aiki, ka duba shafin hukumar kaburburan yaƙi ta CWGC, kyauta ne, kuma ka nema da lamba maimakon suna. Wasu suna maƙabartar yaƙi ta Christiansborg a Osu, da yawa daga waɗanda ba a san kabarinsu a Boma ba sunansu yana jikin bangon tunawa na Rangoon. Rashin ganin suna a yaƙin farko ba ya ƙaryata labarin gidanku: hukumar da kanta ta amsa a rahotonta na 2021 cewa ɗimbin 'yan Afirka da suka mutu a wancan yaƙi ba a rubuta sunayensu ba.

Ma'adanar takardun Ingila da ke Kew tana da kundin da ake bincikawa ta intanet. Katunan mindar yaƙin farko suna ƙarƙashin WO 372, takardun shawarar ba da lambar jarumta na yaƙi na biyu suna WO 373, kuma duka biyun ana nemansu da suna ko lamba. Littafin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum a Boma yana WO 172. Kada ka sa rai da ganin sunan farabiti a ciki, da wuya ake ambatarsa, amma in ka san bataliyarsa za ka san inda ya kwana da inda aka yi artabu kusan rana bi rana. Fayil ɗin soja na kansa kuwa, a nan gida ake nemansa, domin takardun sojojin Afirka galibi an bar su ga rundunonin ƙasashensu. Ka rubuta wasiƙa zuwa ofishin ajiye bayanan soja a Burma Camp, hedikwatar sojan Ghana da ke Akara, ka sa lamba, duk rubuce-rubucen sunan da ka sani, dangantakarka da shi da kwafin katinka na ɗan ƙasa. Ka kai irinta ofishin hukumar tsofaffin sojoji ta VAG na yankinku, musamman in ya taɓa karɓar fansho ko yana fita faretin 11 ga Nuwamba. Ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa, ka riƙa komawa da kanka. Gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Kumasi ba wurin neman fayil ba ne, amma ka je da tsohon da zai iya tafiya, domin ganin kaki da hotuna yana tono abin da tambaya ta kasa.

Yanzu ga ɓangaren da aka fi sakaci da shi. Soja shekara biyar ce ko shida a rayuwar da ta kai saba'in, sauran duk a gona aka yi ta, kuma gona tana barin sawunta a wasu wurare dabam. In a ƙasar Asante ya yi noma, baƙo ne a kan ƙasar sarauta, don haka ka fara gano sharaɗin da ya zauna a kai: abusa, inda mai aikin gonar koko ke ɗaukar kashi ɗaya cikin uku, ko abunu, inda ake raba biyu, ko kuwa fili aka yanka masa yana biyan kuɗin ƙasa duk shekara. Rasit ɗin wannan biya, da katin sayar da koko, da takardar rabon gado da liman ya rubuta da Larabci ko ajami, su ne ke ba da sunan ƙauye da shekara. Takardar gado ta fi kowacce amfani, domin tana jera mata da 'ya'ya da abin da ya bari.

In ka sami sunan ƙauyen, ka je. Ka fara sauka wurin sarkin zango da goronka, shi zai haɗa ka da mai unguwar ƙabilar kakanka, Sarkin Moshi ne ko na Zabarmawa ko na Frafra, sannan a kai ka fadar mai ƙasa. Ka faɗa tun a bakin ƙofa cewa tarihi ka zo nema, ba fili ba. In ba ka faɗi haka ba, duk wanda ke noma wurin a yau zai ɗauka ƙwace ka zo yi, kuma bakin kowa zai rufe. Ka tambayi waɗanda suka yi iyaka da gonarsa, domin jikokinsu sukan san abin da naku suka manta.

Rigimar gona, in an taɓa yi, alheri ce ga mai bincike. A gaban kotun gargajiya mutum yakan faɗi asalinsa, shekarar da ya zo, wanda ya ba shi fili da abin da ya biya. Irin waɗannan littattafan shari'a suna ofishin PRAAD na Kumasi, wato hukumar adana takardun gwamnatin Ghana, da ma'adanar Manhyia ta fadar Sarkin Asante. In daga Arewa aka ɗauke shi, takardun baturen gunduma kan ɗaukar kurata da sallamarsu suna PRAAD na Tamale da kuma jerin ADM 56 a hedikwatar Akara. An tsara su ne bisa gunduma da shekara, ba bisa sunan mutum ba, don haka kada ka shiga sai ka san gundumarsa da tazarar shekara biyu ko uku. Ka tafi da fensir da katin shaida, ka nemi izini kafin ɗaukar hoto, kuma ka rubuta lambar kowane fayil a kan abin da ka kwafa, in ba haka ba ba za ka iya komawa gare shi ba.

Wajen haɗawa, ka ja layi uku a littafinka: abin da aka ce, wanda ya ce, da takardar da ta goyi baya. In baki da takarda suka saɓa, ka rubuta duka biyun. Ranar shiga da ranar sallama, takarda ta fi gaskiya. Shekarun haihuwa kuwa ƙiyasi ne likitan soja ya yi da ido, don haka maganar goggo tana iya fin ta littafi. Kada ka haɗa kakanka da wani mai irin sunansa sai abu biyu aƙalla sun dace bayan suna, kamar lamba da gari, ko bataliya da shekarar sallama.

Kana iya cin karo da abin da gida bai taɓa faɗa ba: gudu daga bariki, wata mata da 'ya'ya a wani gari, ko asalin bauta, domin rundunar farko ta ƙarni na 19 ta ɗauki bayi da yawa da suka tsere wa iyayengijinsu. Irin wannan ka kai wa babban gida shi kaɗai tukuna, ku yanke yadda za a faɗa wa sauran, kafin ka tura komai a zauren WhatsApp na dangi. Sannan ka buga kwafi uku na abin da ka tara, da hotunan takardun, ka ajiye su a gidaje uku daban, asalin kuma ya koma cikin ambulan na takarda, nesa da bango mai danshi.