Masu tsofaffi a gidan haya, a kula da wuta

Salam 'yan uwa, sanyi ya shigo Bauchi, dan Allah duk mai tsoho a gidan haya ko kwatas ɗin gwamnati ya leƙa ɗakinsa. Jiya naje gaida Inna na tarar da kaskon garwashi dab da katifa, taga a rufe ruf, ga soket yayi baƙi yana ƙauri, wallahi hankalina ya tashi. Garwashi a rufaffen ɗaki iskarsa kaɗai tana kisa, a fitar dashi kafin barci, in an ɗauke wuta a zare hita, makulli kuma ya kwana jikin ƙofa. Lalatacciyar wayar wuta kuwa ku rubuta wa mai gida ko ofishin gidajen ku ajiye kwafi, kar tsoron kora ya hana ku, doka bata yarda a fitar da ɗan haya ba notis ba.