Kurakuran da aka fi yi wajen sayen tsofaffin rubuce-rubucen fata a gwanjo

Fallen da na fara saya ya zo mini ne daga wani ƙaramin gidan gwanjo na intanet. Fata ce fara, mai laushi, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, da addu'o'in Latin da zayyanar shuɗi da ruwan zinari. Na yi wata biyu ina nuna wa mutane a matsayin rubutun hannu, sai ranar da na ɗora masa madubin ƙara girma na ga kowane harafi sak yake da ɗan'uwansa, babu inda alƙalami ya yi kauri ko tawada ta ja baya. Ashe bugu ne. A wajejen 1500 maɗaba'un Faris, irin ta Simon Vostre da ta 'yan gidan Hardouyn, suna buga littattafan addu'a a kan fata, sannan mai zayyana ya bi da fenti. Tsoho ne na gaske, amma ba abin da na biya kuɗinsa ba ne.

Wannan shi ne kuskuren farko: ɗaukar cewa duk abin da ke kan fata rubutun hannu ne, kuma ya daɗe ƙwarai. Manyan fallayen waƙoƙin coci na Sifaniya, masu baƙaƙen alamomi a kan jajayen layuka, sun cika kasuwa, kuma da yawansu na ƙarni na 16 ne ko na 17. Kafin ka taya, nemi hoton gaba da baya, da hoton kusa. Dubi layukan da marubuci ya shata, da ƙananan hujojin da ke gefen falle, da bambancin ɓangaren gashi da na tsoka.

Ko da fatar ta tabbata tsohuwa ce, ba ta zama shaida ga abin da ke kanta ba. Akwai wani gwanin jabu da ya yi aiki daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, wanda Belle da Costa Greene, shugabar ɗakin karatu na Morgan a New York, ta laƙaba wa sunan mai jabun Sifaniya. Yakan samo fallen littafin coci na ainihi, ya kankare wani sashe, ya zana hotonsa a wurin. Haka kuma a 2020 aka tabbatar cewa gutsattsari 16 da wani gidan tarihi a Washinton ke nunawa a matsayin tsofaffin rubuce-rubucen Yahudawa da aka tono a kogunan dutse kusa da Tekun Gishiri duk jabu ne: tsohuwar fata, sabuwar tawada. Gwajin kimiyya da ake yi wa fata yana gaya maka lokacin da dabbar ta mutu ne, ba ranar da aka yi rubutun ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne sayen falle ba tare da tambayar daga wane littafi aka yanko shi ba. Kowane falle guda da kake gani yana da uwa, kuma sau da yawa wani ne ya sa mata wuƙa saboda ribar sayarwa ɗaiɗai ta fi ta sayarwa a dunƙule. Otto Ege, malamin zane a Kilibilan ta Amurka wanda ya rasu a 1951, ya farke littattafai da dama da hujjar cewa yana son ɗalibai su taɓa tarihi da hannunsu. Littafin ibada na Beauvais, wanda aka rubuta a Faransa a ƙarshen ƙarni na 13, yana da fallaye sama da 300 har zuwa 1942, lokacin da ya bar hannun attajiri William Randolph Hearst ya faɗa hannun dillali Philip Duschnes. Daga nan ya watse, har yau masana na bin sawun fallayensa ɗaya bayan ɗaya. Shuɗin Alƙur'ani mai rubutun zinari, wanda mafi yawansa ke Tunisiya, shi ma fallayensa sun bazu a duniya. Duk wanda ya taɓa ganin alaramma ya shafe watanni yana rubuta izu sittin, ya jera fallayen a tadarishi ya sa a gafaka, ya san abin da ake rasawa idan aka raba su.

Abin takaicin, ba a daina yankan ba. In ka ga dillali ɗaya yana fitar da fallaye masu kama da juna mako bayan mako, gefensu a yanke tsaf, janye hannunka, kuɗinka ne zai sa ya yanka na gaba. Gara ka nemi abin da ya rabu da uwarsa tun da daɗewa, kamar gutsattsarin da masu ɗinkin littafi na da suka yi amfani da su a cikin bango. Rumbun bayanai na Schoenberg a Jami'ar Fensilbeniya, da shafin Fragmentarium na Suwizalan, suna taimakawa wajen gano inda abu ya bi.

Jimlar "daga tarin wani mai zaman kansa" ba tarihi ba ce. Nemi sunaye da shekaru da tsofaffin rasit, musamman shaidar inda abin yake kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi. Ƙasashe irin su Italiya da Faransa suna buƙatar izinin fitarwa, Najeriya ma dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba izini, don haka ka yi taka-tsantsan in ka ga rubutun ajami ko na Tumbutu a gwanjon waje.

Sai lissafi. Farashin da aka buga guduma a kansa ba shi za ka biya ba. Manyan gidaje kamar Christie's da Sotheby's suna ɗora la'adar da ta kai kusan rubu'in kuɗin ko fiye, ga haraji, ga inshora, ga kuɗin aikowa da na kwastan. Rubuta iyakarka a takarda tun kafin a fara, don zafin gasa yana ɗauke hankali.

In kayan ya iso, kada ka manta cewa wannan fatar ba jemammiya ba ce, a ruwan farar ƙasa aka jiƙa ta, aka kankare, aka ɗame ta har ta bushe. Tana numfashi da iskar ɗaki. Nawa fallen, hunturu ɗaya ya nannaɗe shi, zinarin kusurwa ya fara ɓarewa, da damina ta shigo kuma na shiga fargabar fumfuna. Kada ka goge shi da dutsen guga, kada ka sa masa salatif ko gam, kada ka kai a manne shi cikin leda, kada ka rataye shi inda rana ke bugawa. Sa shi tsakanin takardu marasa asid, cikin akwati mai rufuwa sosai, nesa da bango da gara, ka ajiye ƙaramin ma'aunin laima a ciki ka riƙa dubawa, kana neman ya tsaya kusa da kashi 50. Rasit da hotunan gwanjon da duk wasiƙar da kuka yi da dillali, su ma a cikin akwatin za su zauna tare da shi.