Giɓi a Ingila: kafin ka biya kuɗin dashen haƙori

Da giɓi na iso Manchester. Wani matauni na hagu ne aka cire mini a Kano kafin tafiya, na ce idan na isa ƙasar Turawa sai a sa mini sabo, tunda ai na biya kuɗin lafiya tare da biza, fam 1,035 na kowace shekara. Likitar haƙorin da na fara gani ta saurare ni har na gama, sannan ta ce wannan kuɗin bai shafi abin da nake nema ba.

Ɗan'uwa, ka ji tun yanzu: a Ingila ganin likitan gida kyauta ne, amma likitan haƙori ko na NHS ne, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, sai ka biya, sai dai in kana cikin waɗanda aka ɗauke wa biya, misali ɗan ƙasa da shekara 18, ko mace mai juna biyu ko wadda ta haihu cikin wata 12, ko mai takardar HC2 ta masu ƙaramin ƙarfi. Kuɗin mataki uku ne. Na uku, wanda ya haɗa haƙoran roba da gada (haƙorin da ake maƙalawa a jikin na gefe) da hular haƙori, fam 326.70 ne a farashin 2025. Dashe kuwa ba ya ciki. NHS tana yin sa ne ga wanda cutar daji ta ci masa baki, ko hatsari ya farfasa masa muƙamuƙi, ko aka haife shi ba wasu haƙora. Mu masu giɓin ciwon haƙori sai asibitin kuɗi, inda haƙori guda ke kamawa daga fam 2,000 zuwa sama.

Dashen ba irin haƙorin Makka ba ne da ake lulluɓa wa haƙori mai rai. Wata 'yar ƙusa ce mai zare, ta ƙarfen titaniyom, ake murza ta cikin ƙashin muƙamuƙi ta zama saiwa. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe har ba ya ciruwa, a gwajin da yake yi da ƙafar zomo, kuma a 1965 ya fara dasa wa mutum. Wannan mannewar ce ke cin lokaci. Aikin kansa kamar sa'a guda ne, da allurar kashe zafi, idonka biyu kana jin ƙarar inji. Daga nan sai jira na wata 3 zuwa 6 kafin a ɗora haƙorin a kai.

Abin da ban sani ba, kuma ya ci mini kuɗi, shi ne giɓi ba ya zama yadda aka bar shi. Da zarar saiwa ta fita, ƙashin wurin sai ya fara zaizayewa, musamman a watannin farko, haƙoran gefe su karkato, na sama ya zazzago. Nawa ya shekara uku. Da aka ɗauki hoton muƙamuƙin, likita ta juyo mini da allon kwamfuta, ta nuna wurin da tsinken biro: ƙashin ya tsuke kamar bakin wuƙa, ba inda ƙusa za ta kama. Sai an yi ciko tukuna.

A nan ne ya kamata ka buɗe baki ka yi tambaya, domin ba lallai su faɗa maka da kansu ba. Garin ƙashin da ake cikon da shi yawanci na saniya ne, 'yar fatar da ake rufe shi da ita kuwa sau da yawa daga alade ake samo ta. Akwai na haɗin masana'anta, akwai kuma hanyar ɗebo ƙashin daga jikinka. Ni da na tambaya ba ta ko yi mamaki ba, ta ce marasa lafiyarta Musulmi da Yahudawa sun saba tambaya, ta rubuta a fayil. Haka batun biya: za su yi maka tayin biya kashi-kashi, wani ba ruwa a wata 10 ko 12 na farko, wanda ya fi haka tsawo kuwa da ruwa. Karanta kafin ka sa hannu.

Za ka ji labarin Turkiyya a majalisa, ko ka ga talla a Instagram: jirgi, otal, haƙora, duka a rabin kuɗi. Ban ce duk na can ba su iya ba, akwai ƙwararru a Istanbul. Matsalar ita ce aikin ba na zuwa ɗaya ba ne, kuma idan dasashi ya kumbura bayan ka dawo, likitocin nan ba sa son taɓa aikin wani, wani lokaci ma ba su da makullin irin wannan ƙusar. NHS za ta kashe maka zafi, ta yi maganin ƙwayar cuta, amma ba za ta sake maka aikin ba. Haka in ka yi niyyar yi a gida lokacin hutu: karɓi takarda mai sunan kamfanin ƙusar da girmanta, ka adana ta tare da fasfo.

In a nan za ka yi, duba sunan likitan a rajistar GDC, hukumar da ke ba su lasisi. Kyauta ne a intanet. Je wuri biyu ko uku, kowa ya ba ka lissafi a rubuce. Wani wurin da na je ya ce fam dubu ɗaya da ɗoriya, ashe kuɗin ƙusar ce kaɗai, hoto da ciko da haƙorin daban.

Mai shan sigari ko shisha, da mai ciwon suga da bai daidaita ba, dashensu ya fi saurin lalacewa, kuma likita na gari zai ce a gyara wannan tukuna. Kada ka sa ranar aikin cikin azumi, don akwai magani na sa'o'i da kurkure baki. Mako guda za ka yi kan kunu da fate-fate mai sanyi-sanyi. Goro da ƙashin kaza sai a ɗan yi haƙuri, asuwaki ma a kauce wa wurin har ya warke.

Kuma ba dole sai dashe ba. In kuɗin bai taru ba, haƙorin roba na NHS yana riƙe wa na gefe wurinsu kafin ka shirya. Nawa dai wata tara ya ɗauka daga ciko zuwa ranar da aka ɗaura haƙorin, aka miƙo mini madubi da wani ɗan burushi mai kama da tsinken sakace, aka ce kullum dare in bi gefensa da shi, in dawo bayan wata shida.