Kurakuran Sabon Baduku: Waɗanda Ke Ɓata Fata da Waɗanda Ke Ɓata Hannu

Alaben farko da na ɗinka yana nan cikin durowata har yau. Gefe ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, ɗinkin ya yi ta karkacewa kamar sawun maciji a rairayi, katin banki kuwa ba ya shiga aljihunsa sai da kokawa. Na kai wa dattijon da nake zama a rumfarsa ranakun Asabar, can wajen Kasuwar Kurmi. Ya juya shi sau biyu, ya miƙo mini, ya ce, "Malam, fatar nan dai ba ta yi maka laifin komai ba."

Ni ban gaji dukanci ba. Ma'aikaci ne ni, sha'awa ce ta kai ni, kuma yanzu irina suna da yawa: matasa da matan aure da ke kallon bidiyo a YouTube, su yi odar akwatin kayan aiki mai ƙarafa talatin, su zauna ɗaki su fara. Da aikin ya ƙi kyau sai a ce kayan ne ba su da inganci. Dattijon nan kuwa, da nake kira Baba, wuƙa ɗaya gare shi, da basilla, da almakashi, da dutsen washi da ya lotsa a tsakiya don tsufa, amma gafakar da zai ɗinka sai jika ya gaje ta.

Kuskure mafi tsada tun a kasuwa ake yin sa. Sabon shiga yana ganin fata duk fata ce, alhali jimar da aka fi samu iri biyu ce. Akwai ta gargajiya da ake yi da bagaruwa, irin wadda majema suka daɗe suna yi a Kano da Sakkwato da Damagaram, wadda fatake suka riƙa haye Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, alhali ta jar akuyar Sakkwato ce. Akwai kuma ta masana'anta, irin ta Challawa da Sharaɗa, wadda akasari da sinadarin kurom ake jeme ta. Ta bagaruwa tana shan ruwa, tana karɓar zane in ka danna mata ƙarfe, tana riƙe siffar da ka lanƙwasa ta, bakinta kuma yana gogewa ya yi sheƙi. Ta kurom laushi gare ta, ruwa bai cika damunta ba, ta dace da jaka mai taushi ko saman takalmi, amma ko kwana za ka yi kana buga mata zane, gobe ya shafe. Kafin ka biya kuɗi, ka nemi a yanko maka ɗan ƙyalle daga gefe. In tsakiyar yankan ya yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, kurom ce. In ya yi ruwan ƙasa, kuma ɗigon ruwa ya shige ya bar duhu, ta bagaruwa ce. Kar ka gwada da ashana kamar yadda wasu ke yi, domin hayaƙi da tokar fatar kurom ba abin shaƙa ba ne. Mai son yin kube kuma ya nemi ta bagaruwa, ita ce ke riƙe siffar wuƙa.

Sai kauri. Alabe yana son fatar da ba ta wuce milimita 1 ko ɗan sama da haka ba, shi ya sa fatar akuya ta dace da shi. Bel ɗin wando kuwa sai kirgi, wato jemammiyar fatar saniya, milimita 3 zuwa 4. Ni da kirgi na yi alaben nan nawa, don ina ganin mai kauri ya fi ƙarko. Da aka haɗa ninki huɗu sai ya koma kamar bulo.

Ko a fata ɗaya ma wuri ya fi wuri. Gadon baya shi ne mai ƙarfi, ba ya miƙewa sosai. Wajen ciki da hammata sako-sako ne. Duk abin da zai ɗauki nauyi, bel ko maratayin jaka ko ragama, ka yanko shi a tsaye, yana bin layin baya. Wanda ya yanko maratayi daga ciki, cikin wata biyu jakar da ke kwiɓinsa za ta sauko gwiwa. Ka kuma ɗaga fatar ka haska ta a rana kafin ka ɗora mata komai, saboda ramukan kaska, da tabon lalas, da inda wuƙar mai fiɗa ta zarce ta ciki.

Zancen wuƙa shi ne inda ɓarnar fata da ɓarnar hannu suke haɗuwa. Mutane suna tsoron wuƙa mai kaifi, ni kuwa tabon da ke babban yatsana na hagu dakusasshiya ce ta yi mini shi. In wuƙa ba ta ci, dole ka danna da ƙarfi. Fatar ta tattare, bakin ya zame, kuma duk ƙarfin da ka sa yana tafiya da shi inda ya nufa. Baba ba ya yanka sau biyar bai goga wuƙarsa a wani tsohon kirgi da ya kafe jikin katako ba. Dutse sai in baki ya mutu, amma gogar nan a kai a kai ake yi. In kuma irin wuƙar nan ce mai bakin reza da ake ɓallewa, ka ɓalle tun kafin ta fara jan fata. Baki ɗaya bai kai kuɗin fatar da zai ɓata ba.

Kirgi mai kauri ba a raba shi da yanka ɗaya. Ka bi layi sau biyu ko uku a hankali, wuƙa a tsaye, ba a kishingiɗe ba, in ba haka ba bakin zai fito a karkace, ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa. Hannun da ke danne rula ya kasance a bayan wuƙa ko a gefenta, yatsu a janye daga bakin rular. Kada ka ɗora fata a cinya ka yanka. Na san za ka ga tsofaffin dukawa suna abin da ya fi wannan, to su shekara arba'in suka yi hannunsu na koyo. Ka sami faffaɗan katako ko robar yanka. Siminti da tayil suna kashe baki nan take. Wuƙa kuma in ta suɓuce, janye ƙafa za ka yi, ba cafewa ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa silifas ba takalmin wurin aiki ba ne.

Kafin ma a kai ga yanka, akwai kuskuren gaggawa: zana siffa kai tsaye a kan fata, da biro kuwa. Tawadar biro ba ta fita. Ka fitar da siffar a kwali tukuna, ka ninke, ka sa kati ko waya ko littafin da za a riƙa sawa a ciki ka ga ko ya shiga. Ka tuna ɗinki zai cinye milimita 3 zuwa 4 a kowane gefe, ninki ma yana cin nasa. Bayan nan ka ɗora kwalin ka bi gefensa da tsinin basilla.

Wajen ɗinki, abin da ke karkatar da layi guda biyu ne. Na farko rashin jan layin da za a bi tun kafin a fara huda. Na biyu riƙe basilla yau a tsaye, gobe a karkace, sai gaba ya yi kyau baya ya zama abin kunya. Huda tukuna, ɗinki daga baya, kuma allurar ɗinkin ba ta buƙatar tsini, tunda ramin yana nan. Ka yi ɗinki mai allura biyu, kowace a ƙarshe ɗaya na zaren, suna saɓawa a rami ɗaya. Amfaninsa shi ne ko zare ya tsinke a wuri ɗaya sauran ba ya warwarewa, saɓanin na keke. Amma sai ka riƙe tsari: in allurar dama ce ke fara shiga, ita za ta yi ta farawa har ƙarshe. Ka auno zare kamar ninki huɗu na tsawon wurin, ka ƙara kaɗan in fatar na da kauri, ka murza shi da kakin zuma. Kada ka ja shi kamar mai ɗaure kaya a mota, fatar akuya za ta tattare. A ƙarshe ka koma baya rami biyu ko uku maimakon ƙulli. Yayin huda kuwa, ka san inda yatsan da ke bayan fatar yake. Basilla ba ta san bambancin fatar akuya da taka ba. In ta soke ka, ka wanke da ruwa da sabulu, in kuma ramin ya yi zurfi ko ka manta rabonka da allurar rigakafin tetanus, ka je asibiti. Toka da man birki ba magani ba ne.

Mahuji da ƙarafan zane da gudumar katako ake bugunsu. Gudumar ƙarfe tana faffaɗa musu kai, wata rana ɓarɓashi ya ɓalle ya nufi ido.

Wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne baƙaƙen ɗigo da ke fitowa a fata bayan na jiƙa ta. Na ɗauka fumfuna ce. Baba ya yi dariya ya ce, "Ai kuloko ka yi ba ka sani ba." Baƙin rinin nan na dukawa daga ƙarfe ake samo shi, domin duk inda ƙarfe da ruwa suka haɗu da fatar bagaruwa baƙi ne ke fita. Ni kuwa a tebur ɗaya nake wasa wuƙa, garin ƙarfen ya zuba, in zo in shimfiɗa jiƙaƙƙiyar fata a kai, har in danne ta da rular ƙarfe. Wurin washi daban, wurin fata daban, kuma a wanke hannu a tsakani. In tabon ya riga ya fito, ruwan lemon tsami yana rage shi, amma ka fara gwadawa a ƙyalle. Jiƙawar ma ba tsomawa ake yi ba. Shafa ruwa za ka yi, ka jira launin ya kusa komawa yadda yake, fatar na da sanyi a hannu, sannan ka buga zane.

Rini kuma, ko na karan dafi ne ko na kwalba, a shafa shi sama-sama sau biyu ko uku, a bar shi ya bushe a inuwa, sannan a goge da farin tsumma har sai tsumman ya daina ɗaukar launi. Na taɓa ba wani aminina jaka ja da ban goge ba, ya rataya ta kan farar shadda ranar Juma'a. Har yau in mun haɗu sai ya tuna mini. Mai ma haka: ɗan man kaɗe a tsumma ya isa. In ya yi yawa fatar ta yi duhu ta saki jiki, kuma ba a iya zare shi. Bakin aiki kuwa ka ɗan jiƙa shi da ruwa ko ruwan ƙaro, ka goga da santsin itace har ya yi sheƙi.

Gam nake so in daɗe a kai, don shi ne aka fi rainawa. Ta fuskar aiki, kuskuren shi ne lafta shi da yawa a haɗa nan take. Irin gam ɗin masu takalmi ana shafa shi siriri a ɓangarori biyu, a jira kamar minti goma har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa a danne. In fuskar fatar ce mai santsi, a ɗan kankare ta tukuna. Kuma gam riƙo yake yi kafin ɗinki, ba ya maye gurbinsa. Ta fuskar lafiya kuwa, warin nan da ke tashi in ka buɗe gwangwani dangin sholisho ne da muke kuka da shi a unguwanni. Wanda ya kulle ɗaki yana shafa shi awa biyu, shaƙa yake yi ko bai yi niyya ba. Ciwon kai da jiri su ne gargaɗin farko, kuma wasu sinadaran da ke cikinsa, in aka daɗe ana shaƙarsu, suna taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa. Takunkumin takarda ko na ƙyalle ƙura yake tarewa, ba ya tare wannan tururin. Ka fito tsakar gida ko ka buɗe taga da ƙofa, ka rufe gwangwani da zarar ka ɗiba. Tururin kuma yana kama wuta, yana bin ƙasa. To ka duba yadda gidajenmu suke: an ɗauke wuta an kunna kyandir, ga kaskon turaren wuta, ga risho a ƙofar kicin, ga maganin sauro na ci a lungu. Kada ka wanke hannu da fetur, in gam ya bushe murza shi ake yi ya fita. Ƙananan ayyuka irin alabe ma farin gam ɗin kafinta ya ishe su.

Duk bayan Babbar Salla sai wani ya ce zai jeme fatar ragonsa da kansa. Ban hana ba, amma ɗanyar fata ba ta jira. In ba a shimfiɗa ta an zuba mata gishiri sosai a ranar ba, musamman in an cusa ta a leda, gashi zai fara zuba, fuskar ta lalace. Shanya ta kan kwano ko siminti mai zafi kuma dafa ta ne. Fatar dabbar da ta faɗi ta mutu ba a san dalili ba, ko kyauta aka ba ka kar ka taɓa, saboda ciwon saifa na dabbobi, wato anthrax, yana kama mutum ta hanyar fata, kuma a watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja. Ga mai koyo, sayen jemammiya ya fi, ya bar wa majema aikinsu.

Ajiya ma tana da nata. Fata naɗe ta ake yi, ba a ninkewa, don karin ninki ba ya fita. Da damina a ɗaga ta daga ƙasa, a raba ta da leda saboda fumfuna. Da hunturu a kawar da ita daga rana da iska, in ba haka ba ta bushe ta tsattsage. Kayan aiki kuwa akwati mai kwaɗo nake zuba su, tun ranar da na shigo na tarar da autata zaune kan tabarma da basilla a hannu, ta ce wai takalmin 'yar tsanarta take gyarawa.