Yadda Mai Bi Zai Nemi Nufin Allah Kafin Ya Ɗauki Hanya

Da zarar an gama girbin gero a ƙasar Adar, samarin Tawa da na ƙauyukanta sukan fara shirin tafiya biɗa, wasu su nufi Abijan, wasu Yamai, kuma ƴaƴan majami'a suna cikinsu. Yawancinsu sai sun riga sun sayi tikitin mota suke zuwa wurin fasto su ce a sa su cikin addu'a. Wannan neman albarka ne a kan shawarar da aka riga aka yanke, alhali neman nufin Allah yana farawa tun zuciya ba ta karkata ba.

Ka fara da binciken dalilinka. Ka zauna kai kaɗai ka faɗa wa kanka gaskiyar abin da ke tura ka: yunwar gida ce, ko sadakin aure, ko kuwa don tsaranka ya dawo bara da babur? Akwai abubuwan da Littafi Mai Tsarki ya riga ya bayyana a fili, kamar tsarkin rai, kula da iyali da girmama iyaye, kuma waɗannan ba sa bukatar mafarki ko wata alama. Sana'ar da za ta tilasta maka ƙarya ko ha'inci ta fita daga lissafi tun kafin ka durƙusa.

Sa'an nan ka ba addu'a lokaci. Nehemiya, Bayahude mai hidima a fadar sarkin Farisa, ya ji labarin rushewar garun Urushalima a watan Kisle na kalandar Yahudawa, amma bai yi wa sarki Artashate magana ba sai a watan Nisan, wato wajen wata 4 yana addu'a, tun da ya fara da kuka da azumi. Abin lura shi ne, ranar da sarki ya tambaye shi bukatarsa, bai yi kame-kame ba. Ya faɗi tsawon lokacin da zai yi, ya roƙi wasiƙu zuwa ga gwamnonin da zai ratsa ƙasarsu, ya kuma roƙi wasiƙa zuwa ga mai tsaron kurmin sarki domin katako. Ashe cikin watannin addu'ar nan yana ta lissafi. Da ya isa Urushalima ma, sai da ya zagaya garun da dare ya ga ɓarnar da idonsa kafin ya tara mutane, aka kuwa gama ginin cikin kwana 52. A ganina, masu cewa shiri alamar ƙarancin bangaskiya ne ba su karanta wannan labari da natsuwa ba.

Saboda haka ka ɗauki takarda ka rubuta. Jika nawa ne kuɗin mota da guzuri, wa zai sauke ka, wa zai riƙe matarka da ƴaƴanka, wace majami'a za ka riƙa zuwa a can, kuma za ka dawo kafin ruwan shuka ko gonarka za ta kwana? A Luka 14:28 Yesu da kansa ya kawo misalin mai son gina hasumiya, wanda yakan fara zama ya ƙidaya abin da ginin zai ci.

Bayan haka ka kai takardar gaban manya, domin Karin Magana 15:22 ya nuna cewa shiri yakan rushe in babu shawara. Kada ka zaɓi wanda ka san zai goyi bayanka kawai. Ka nemi dattijon ikilisiya da ya taɓa yin irin tafiyar, ka kuma saurari matarka ko mahaifiyarka har su ƙare maganarsu.

In ka yi duk wannan, ka tashi ka taka, amma da shirin sauyawa. Manzo Bulus ya so shiga yankin Bitiniya domin wa'azi, Ruhun Yesu ya hana shi, sai a garin Taruwasa kiran zuwa ƙasar Makidoniya ya zo masa, kamar yadda Ayyukan Manzanni 16 ya nuna. Kalmar "in Allah ya yarda" da kowa ke faɗa a kasuwar Tawa, Yakubu 4:15 ya umarci masu bi su faɗe ta, kuma ƴan kasuwa masu shirin zuwa wani gari su shekara suna ciniki ya yi wa maganar. Idan wanda zai sauke ka ya fasa, ko ciwo ya shigo gida, ka koma ga takardarka da addu'arka ka sake lissafi, ko da ka riga ka yi sallama da mutane.