Yadda Ake Gane Tsohon Gilashin Busawa na Amurka Kafin a Saya

Duk mai son tara tsofaffin kwalabe da tambulan na zamanin da Ingila ke mulkin Amurka, ya kamata ya fara da sanin cewa kayan wancan zamani kaɗan ne ƙwarai suka rage. A 1608 aka fara gwada narka gilashi a Jamestown da ke Bajiniya, aka sake gwadawa a 1621 da ƙwararru daga Italiya, duka biyun suka watse. Sai a 1739 Caspar Wistar, ɗan asalin Jamus, ya kafa masana'antar da ta ɗore a kudancin New Jersey, daga baya Henry William Stiegel ya buɗe tasa a Manheim da ke Pennsylvania, bashi ya karya shi a 1774. Waɗannan masana'antu ba su saba sa tambari a kayansu ba, saboda haka idan dillali ya rantse maka cewa kwalbarsa ta Wistar ce, ka nemi takardun da ke nuna hannuwan da ta bi.

Da ka ɗauki kwalba, ka kife ta ka duba gindinta. Gilashin busawa, wato wanda ake hura narkakkensa da baki ta cikin bututu, yakan bar tabo mai kaushi a tsakiya, inda aka ɓalle sandar ƙarfen da ta riƙe shi lokacin da ake gyara bakinsa. Sai dai wannan tabo kaɗai bai isa shaida ba, domin masu kwaikwayo na ƙarni na 20 ma da baki suka busa nasu. Abin da na fi dogara da shi shi ne cin da gefen gindin ya yi: shekaru ɗari biyu na ajiyewa da ɗauka suna barin ƙananan karce ta kowace fuska, na jabu kuwa da aka goga da gangan sukan bi layi ɗaya.

Sannan ka ɗaga ta a hasken taga. Launin kore daga ƙarfen da ke cikin yashin da aka narka aka yi gilashin yake, kuma za ka ga ƙananan kumfa da kaurin da bai daidaita ba. Layin da ya miƙe daga gindi har saman baki alama ce ta aikin inji.

Idan ka saya, ka wanke da ruwa mai ɗan ɗumi a cikin roba da ka shimfiɗa wa tawul, domin ruwan zafi na iya tsaga shi nan take.