Kurakuran da aka fi yi idan ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo

Mutum ya faɗo daga kabu-kabu a hanyar Ɗan Isa, cinya ta karye, mai ɗori ya ɗaure, ƙashi ya kama, aka yi barka. Bayan shekara biyu sai ciwon baya da kwankwaso. Sai a ce sanyi ne, a duƙufa shan ƙwayoyin ƴan tebur. Babban kuskuren ke nan. Sau da yawa ƙashin hawa kan juna ya yi, ya warke a gajarce, ƙugu ya karkace, gadon baya na lanƙwasa don ya rama. Ƙwaya ba ta ƙara wa ƙafa tsawo, sai dai ta ci ciki da ƙoda.

A fara da awo, amma ba da igiyar tela a gida ba. A asibiti ana tsayar da mutum, a riƙa sa ƙananan katakai ƙarƙashin gajerar ƙafar har ƙugu ya daidaita, in ta kama a yi radiyo, wato hoton ƙashi. Wani ma ƙasusuwansa daidai suke, jijiyar ƙugu ko gwiwa ce ta ɗaure. Shi motsa jiki wajen kine, wato mai gashin ƙashi na asibiti, yake buƙata, ƙarin takalmi ɓarna zai yi masa.

Wasu kuma tsoro ne ya yi musu yawa. Bambancin da bai kai santimita 1 ba mutane da dama na da shi, ba su ma sani ba.

Sai masu cusa tsumma ko kwali a takalmi. Cikin takalmi ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar santimita 1, saura mai gyaran takalmi zai ƙara a tafin daga waje. A ƙara kaɗan-kaɗan, jikin da ya shekara goma a karkace ba ya miƙewa rana ɗaya. Kada a manta silifar zaman gida da ta zuwa masallaci, nan aka fi yin sakaci.

Na yara ya fi damuna. Yaro na ɗingishi, a ce zai daina in ya girma. Shan inna, ruɓar ƙashi, sikila da gocewar ƙugu tun haihuwa duk suna gajarta ƙafa, tazarar kuma kan ƙaru da girma. In ta kai santimita 2 zuwa 5, likitan ƙashi na iya tsayar da girman doguwar ƙafar, amma sai in yaron bai gama tsawo ba. In ta haura haka, ana jan gajerar da ƙarfe, wajen milimita 1 a rana, aikin watanni.